Wuƙar da Aka Yo Daga Birnin Sakai

"Wannan maƙerin ya raina ni!" Noboru ya buga akwatin sabuwar wuƙarsa a kan tebur. "Na gaji da jira, sai ya aiko mini da wuƙar bahago? Gefe ɗaya ake wasa wuƙar kifi, shi kuma ya wasa ɓangaren da ba shi ba!"

Matarsa Chizuru ta ɗauki wuƙar, ta ja ta a kan tsokar kifi. Yankan ya fita sumul.

"Ni na kira maƙerin na sa ya canja ta."

"Ke? Da izinin wa?"

"Baban Emi, ka cika bango da wuƙaƙe, ko shinkafa ba ka dafawa. Ni ke fama da su, yatsuna duk tabo." Ta ɗaga wuƙar dab da fuskarsa. "Dubi hannun da na riƙe ta da shi. Tun aurenmu ba ka taɓa lura ba?"