Wadda Aka Fi Sanin Ƙeyarta

Zauna, ɗan'uwa, tunda ka ce kai dai a ba ka aikin, maganar suna ta biyo baya.

An yi wata mata a garin nan, 'yar ɗan dambe. A zauren ubanta ta koyi naushi, ta ƙaro kareti wajen wani tsohon soja. Da aka fara finafinan faɗa, babu macen da ta yarda ta diro daga katanga sai ita. Yayyenta suka ce mace da dambe abin kunya ne, ranar da ta nuna fuska a fim ba su ba ita. Masu fim kuwa abin nema ya samu, don dama suna da jarumarsu kyakkyawa, wadda ko kwata ba ta iya tsallakewa. Sai jarumar ta zare ido ta ɗaga hannu, a tsayar da kyamara, a cire mayafinta a yafa wa 'yar ɗan damben, ita kuma ta shiga ta sha duka, ta faɗo kan buhun ƙaiƙayi. Ta ƙware a ɓoye fuska har ya zame mata jiki, ko a iska take sai ta kau da kai. Wallahi har alfahari take da hakan, baiwar Allah.

Shekaru suka ja, gwiwoyi suka ƙi, sallah ma sai a zaune. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani. Sai ta ji ana neman mai koya wa 'yan mata faɗan fim, aikin da za ta iya daga kan kujera, kuma shi kaɗai ya rage mata ta ci abinci da shi. Ta ja ƙafa ta je. Shugaban wurin matashi ne, ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Inna, nuna mini wuri ɗaya da kika fito."

Suka zauna kallon tsofaffin kaset har la'asar. Ga ƙeya, ga diddige, ga mayafi yana tashi, amma fuska duk ta jarumar ce. Waɗanda za su shaide ta, wasu sun rasu, wasu sun watse. Jarumar aka ba aikin, har da walima, ana kiranta macen farko da ta yi faɗa a fim. Ita kuwa 'yar ɗan damben, sai da aka riƙe ta kafin ta iya sauka daga benen ofishin.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.