Fuskar Baba a Bangon Inna

Tun da aka hana ajiye hotunan mutane, zane ɗaya tak hukuma ke yarda a yi wa kowane mamaci, kuma da zarar an buga hatimi ba a sake taɓa shi. Lantana ta zana iyayen mutane sun fi ɗari, don haka da mahaifinta ya rasu ta ce ba mai zana shi sai ita.

Kwana tara ta yi tana aikin fuskar. Mai daidaita hasken allon kwamfuta ya zo shagonta har sau biyu, tana sallamarsa. "Idona ya fi na'urarka," in ji ta. Ashe allonta ya daɗe yana haske fiye da kima.

Ranar da aka kunna zanen a bangon ɗakin mahaifiyarta Inna, Lantana ta zuba masa ido. Hula ta fito, farar riga ta fito, amma fuskar ta nutse cikin duhu. Tsagen kumatunsa, da ta kwashe kwana biyu tana fitarwa, ko alamarsa babu.

"Lantana, ina Baban?" yayanta Garba ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai. "Laifina ne. Ban gwada a wani allon ba."

Inna ta tashi ta rufe taga, ta saki labule, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa bangon. Ta daɗe tana dubawa.

"Ai ga shi nan," ta ce a hankali. "Zo, 'yar nan, kama hannuna ki ɗora min a kan idonsa."