Birin Bayan Dangar Inna Rahmatu

Basharu ya ɗana bindigarsa ya laɓe a bayan rumbu. A shekarar farin nan yunwa ta koro birai cikin Kalgo. Tun da wani ya ciji yarinya, mai unguwa ya kafa doka: duk wanda ya ajiye musu abinci zai bar unguwar. Basharu aka ɗora wa gadi.

Da la'asar sai ga Inna Rahmatu, ta ajiye ƙwaryar tuwo a bayan danga tana waige-waige.

"Inna, ashe ke ce?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Ta riƙe masa riga. "Basharu, don Allah sauke bindigar nan ka tafi gida."

Tarin karan da ke gefe ya motsa. Ya fizge rigarsa ya saita, yatsansa a kan kunamar bindiga.

Hannun mutum ne ya fito ya jawo ƙwaryar. Sai ga fuskar mahaifinsa, wanda shi Basharu ya ɗauko daga Gwandu bara ya kawo gidansa.

"Kullum jikokinsa yake ba rabonsa," in ji Inna Rahmatu. "Ya roƙe ni kada in kai masa gida, don kada a ce ɗansa ya gaza."