Toka a Kan Ƙunar Luba

"Inna, me ya sa ƙafata take wari kamar mushe?"

Hure ta sunkuya ta duba ƙafar. Tafasasshen kunu ne ya ƙona 'yarta Luba a cinya da ƙauri. A asibitin Shanono ma'aikaciyar jinya, Malama Asiya, ta manna wa kowane ciwo wani bandeji mai sanyi da danshi, ta ce yana kashe ƙwayoyin cuta, kada a taɓa.

Amma wa ya taɓa jin ciwo ya warke a jiƙe? Hure ta ɓare na ƙaurin, ta barbaɗa toka don ya bushe, ta ɗaure da tsumma. Na cinyar kuwa Luba ta yi ta ihu, dole ta ƙyale shi.

To, ga shi yanzu ƙafar ta kumbura, ga wari, ga zazzaɓi. Hure ta goya yarinyar ta kama hanyar Shanono, hanyar da ko maza suke tsoro saboda 'yan bindiga.

"Malama, bandejinku ya ruɓar mini da cinyar yarinya!"

Malama Asiya ta ɗaga shi a hankali. Sabuwar fata ce ja-ja, tsaf, ba ɗigon mugunya. Sai ta kwance tsumman ƙaurin. Wari ya cika ɗakin.

"Innar Luba, wa ya sa wa wannan toka?"

'Yar'uwa, in an rufe wa ɗanki ciwo a asibiti, ki kama hannunki.