Hujjar da Gwaggo Altine ta ɓoye

Ladan sule guda Ishaya mai rubuta wa mutane takarda ya nema. Gwaggo Altine ta tsaya a kan sisi, har ya gaji ya tsoma alƙalami a tawada. A kasuwar Minna an san ta. Shekara talatin tana sayar da man shanu, ba a taɓa jin ta ce "na sallama" kafin mai saye ya yi gumi ba.

"Rubuta," in ji ta. "Mijina Buba ya shiga asibiti da karayar baya, ya fita da rami a kwankwasonsa na dama wanda hannuna ke shiga har wuyan hannu. Ba bijimin ya kashe shi ba, gyambon ne."

Bijimin kuwa shi ne wanda ya matse Buba da jikin tarago ranar da ake lodin shanu a tashar jirgi. Danginsa na Kagara sun ce a kai shi wurin maɗori. Altine ta ce asibitin Bature, kuma maganarta aka bi, kamar kullum. Yanzu ga Buba a ƙasa, ga dangi na cewa ita ta kai shi aka ruɓar. Diyya take nema, amma abin da ta fi so shi ne takarda mai hatimi da ke cewa laifin na asibiti ne, ta kai Kagara ta rufe bakuna.

Ishaya ya ce, "Sauran me, Gwaggo?"

"Akwai babbar hujja. Wannan a bakina za ta zauna."

Ɗan kasuwar kirki ba ya zazzage kayansa duka a tayin farko. Ta dudduba takardar a juye, ta gano harafin farko na sunan Buba, wanda shi kaɗai ta sani a boko, ta ce rubutu ya yi, ta dangwala yatsa.

Wa zai gaya mata yadda aka yi jinyar nan? Kwana arba'in da biyu tabarmarta na gindin gadon. Tun ranar farko Rifkatu, shugabar masu jinya, yarinyar da Altine ta yi jika da ita, ta zo tana cewa, "Ke, bari in yi miki bayani." Ke! Altine ta kau da kai, daga ranar ba ta sake ba kowa a cikinsu kunne ba. Su zo su yi aikinsu na ganin dama, ta zuba musu ido. In sun fita ta bi bayansu ta gyara. Jayayya da yara ba girmanta ba ne.

Ranar da aka kira ta ofishin asibiti a kan takardar, ta sha lulluɓi ta zauna tun ba a ce ta zauna ba. Likita Bature ya yi ta'aziyya ta bakin tafinta Ndaman, ya ce akwai fam biyar na jaje.

"Albarka," in ji Altine.

Ndaman ya rasa yadda zai fassara. "Gwaggo, nan ba kasuwa ba ce."

"Shi ya fara tayi. Gaya masa diyyar rai raƙumi ɗari ce. In ba shi da raƙuma ina karɓar shanu."

Aka kira Rifkatu, ta shigo da wani dogon littafi. Wannan karon ta rusuna.

"Gwaggo, wanda ba ya iya motsi, in ya daɗe a gefe guda, nauyinsa ke danne naman ya mutu. Shi ya sa muke juya shi duk bayan awa biyu. Ga zane nan, kowace juyawa da zanenta."

Altine ba ta karatu, amma tana ƙirga. Zanen sun cika shafi bayan shafi. Kuma ba ta iya ƙaryata su ba, don a kan idonta suke zuwa.

"Abin da ya ɗaure mana kai," in ji Rifkatu, "mu juya shi hagu, mu dawo mu tarar da shi a dama. Mu tokare shi da matashi, mu tarar da matashin a ƙarƙashin kansa. Na tambaye shi, Baba, yaya kake komawa? Sai ya yi murmushi ya ce haka ya tsinci kansa."

Buba ke nan. Shekara talatin bai taɓa kai ƙarar kowa ba, balle na cikin gidansa.

Likita ya daɗe yana murza goshi. Daga baya ya ce, ko ma yaya aka yi, a gadonsu abin ya faru. Fam ashirin, kuma zai rubuta takardar da take so, ya buga hatimi.

Ndaman ya sunkuyo. "Gwaggo, Ishaya ya ce kina da wata babbar hujja. Yanzu ne lokacinta. Zai iya kaiwa talatin."

Altine ta dubi tafin hannuwanta kamar yau ta fara ganinsu. Ta tashi, ta gyara lulluɓi.

"Ku bar kuɗinku. Takardar ma ku bar ta." Ta juya wajen Rifkatu. "Yarinya, ki yafe ni."

Ta kama hanyar unguwarsu, Dutsen Kura, a ƙasa, matar da ba a taɓa cin ribarta a ciniki ba, da hujjarta daram a baki ba ta kashe ko kaɗan ba. Da ma abin da ta tanada ta kunyata su da shi shi ne, kullum sai su bar Musulmi mai jiran ajali ya ba alƙibla baya, ita ce da hannunta take mayar da shi kan damansa ya fuskanci gabas, kwana arba'in da biyu, ba ta yi fashin ko sau ɗaya ba.