Kwafin da Aka Bar wa Baukje

Hoton ne Tjerk ya fara cirewa. Dannawa ɗaya, mahaifinsa marigayi da ragon da yake rungume da shi suka ɓace daga fuskar shagonsu na intanet. Lambar waya ta bi su. Manyan baƙaƙen da mahaifiyarsa Baukje ta zaɓa da kanta suka koma ƙanana, ruwan toka a kan fari, kamar rubutun jikin kwalin magani.

"Kwantar da hankalinki, Mem," in ji shi, don haka ake kiran uwa a yarensu. "Wannan kwafi ne, ba mai gani sai mu. Ƙa'idar aikin ke nan: sabon abu a kwafi ake gwada shi, ba a kan masu saye ba."

Baukje ta ce ta ji. Ta haura saba'in, kuma tun kafin a haifi wannan ɗan nata take sayar da zaren ulu a ƙauyensu da ke kusa da garin Sneek. Da ciniki ya koma intanet, ita ta zauna ta koya da yatsa ɗaya, ba wanda ya riƙe mata hannu. Yanzu ga shi ya dawo daga birni da gemu da sababbin dabaru, wai yana so ta huta. Hutu kuma! Wa ya ce masa ta gaji?

A teburin kicin suka yi yarjejeniya. Zai saki sabon tsarinsa ga jama'a na wata guda. In ciniki ya ƙaru, ta sakar masa shagon baki ɗaya. In bai ƙaru ba, ya mayar da hoton ubansa inda ya same shi, ya bar ta da abinta.

"Tsohon tsarin fa?" ta tambaya.

"Zai koma kwafi. Ki yi ta wasa da shi, ba abin da za ki ɓata."

Wasa. Kalmar nan ba ta yi mata daɗi ba. Ta dai sa ya nuna mata inda ake dannawa, ta gyara zaman tabarau ta duba da kyau.

Ranar Litinin da safe Tjerk ya saki aikinsa. Kwamfutarsa ta riga ta saba tun kwanakin gwaji, da ya buɗe shagon take kawo masa farin shafinsa fes. Akwai wani siririn layi da yake fitowa a ƙasan allon, amma ya daɗe da ɓoye shi, wai yana ɓata masa kyan gani.

Ita kuwa da yamma ta shige ɗakin ajiya, ta kunna tsohuwar kwamfutarta a tsakanin buhunan ulu. Tun da an ce wasa, to wasa. Ta ƙara wa baƙaƙen girma. Ta faɗaɗa hoton mijinta har sai da kunnen ragon ya taɓa gefe. Ta rubuta lambar wayarta da ja. Tjerk ya leƙo sau ɗaya, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya wuce.

Sanyi ya fara shigowa, mata suka fito da kwarashinsu na saƙa, oda ta shiga zubowa. Mai motar gidan waya ya fara gunaguni saboda yawan ƙunshi. Tjerk yana tafe yana fito, ya ma fara kiran wurin "shagona" in yana magana da abokai.

Wayar Baukje kuwa ba ta daina ƙara ba. Tjerk ya ce tsofaffi ne, sun haddace lambar. Wata mata daga arewa ta aiko da saƙo a gaida rago, ya ce tsohuwar mai saye ce. Froukje, maƙwabciyarsu mai raunin ido, ta tsayar da shi a kan keke ta ce yanzu kam tana karanta komai ba wahala.

"Kin canza tabarau ke nan, Inna Froukje," in ji shi.

Wata ya cika. Ciniki ya ƙaru, ƙaruwar da ba ta buƙatar gardama. Tjerk ya sayo burodin sukari, ya haɗa kofi da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya kira Froukje ta zama shaida. Ya yi magana mai taushi, kuma har ga zuciyarsa yake yi. Ya ce Mem ta yi ƙoƙari, amma zamani ya wuce hoton rago.

Baukje ta ji ciwon maganar, don ba rago kaɗai ke cikin hoton ba. Ta kurɓi kofi, ta ajiye kofin a hankali.

"Ba zan saki ba," in ji ta.

"Haba Mem, alkawari fa kika yi."

"Na yi. Froukje, buɗe mana shagon a wayarki, mu ga abin da ya jawo cinikin."

Froukje ta lalubo, ta tura wayar tsakiyar tebur. Tjerk ya sunkuya yana murmushi. Ubansa ne yake kallonsa, rungume da rago, ga lamba da ja a ƙasa. Ya fizgo kwamfutarsa ya buɗe, ga farin shafinsa nan daram. Ya dawo da siririn layin da ya ɓoye, ya karanta abin da yake faɗa, wai kwafi ne yake kallo, murmushin ya gudu.

"Kai ka koya mini," in ji Baukje, tana yanka masa burodi. "Sabon abu a kwafi ake gwada shi."

Tun yammacin Litinin ɗin nan ta mayar da tsarinsa kwafi, ta saki nata ga jama'a, kuma wata guda cur ba wanda ya ga aikin Tjerk sai Tjerk.