Akwatin Auren Zakiya

"Kar ki taɓa min shi da hannun wanke-wanke!" Inna Turai ta daka min tsawa.

Tun safe ta tara matan unguwarmu Karantina, nan ƙasa mai tsarki, kallon dogon akwatin katako na ƙasar Sin da ta sayo a haraj, kasuwar gwanjo, don auren 'yarta Zakiya. Matar da ba ta taɓa wuce Makka ba, yau ita ce malamar al'adun Sin.

"Jemagun nan da aka sassaƙa arziki ne. Wannan zanen kuma tsawon rai. Dillalin ya rantse min, duk amaryar da aka kai da shi, halas, shi ke nan, ba ta dawowa gidan ubanta."

Ta harare ni, ni da aurena ya mutu bara.

Don ta ƙara ƙona mana rai, ta sa aka kirawo Hajiya Ma, tsohuwa 'yar Sin da ta zo a jirgin ruwan alhazai ba ta koma ba.

Tsohuwar ta shafa murfin.

"Wa ya rasu, ya Turai? A ƙasarmu, waɗanda ba Musulmi ba a cikin irinsa suke binne gawa. Dillali bai yi miki ƙarya ba. Wadda aka kai da shi ba ta dawowa."